Jitar da ke Shagon Dominic

Karu, Abuja
4 ga Yuni

Ƙawata Hajiya Mashkura,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da jikoki, kuma gwiwar nan ta daina wahalar da ke wajen salla. Ni lafiyata ƙalau, damina ta zauna, alayyahuna ya fito. Na san za ki ce me ya hana ni saƙon murya kamar kowa. Wadda ta yi shekara talatin da biyu tana koyar da rubutu ba za ta zauna tana yi wa waya surutu ba.

Labarin shi ne na ga jita. Ba irin ta matasan coci ba, mai shimfiɗaɗɗen ƙirji da rami a tsakiya. Irin ta maigidana marigayi Zacharias ce, wadda ambaliya ta lalata mana a Kaduna: ƙirjinta a tashe kamar bayan kunkuru, da tsaga biyu masu lanƙwasa a gefe. Tana rataye a shagon wani mai kayan kiɗa na gwanjo a Masaka, sunansa Dominic. Ya ce ƙirar wani babban kamfanin Amurka ce, ya haska mini takardar shaida da ke manne a cikinta. Ina son in saya. Shekaruna saba'in da huɗu, amma yatsuna ba su manta abin da aka koya musu ba.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa ɗana Enoch. Kin san tun bara yake so in rufe gidana in koma ɗakin da ya gyara mini a Gwarinpa. Ya ce jabun irin waɗannan jitoci sun fi na gaske yawa, in bari ya turo masani. Bai ƙarasa maganar ba, amma na ji ta: idan aka cuce ni, ya sami hujjar cewa tsohuwa ta daina iya riƙe al'amuranta. Na gode masa, na ce masanin ya huta a gidansa. Ranar Talata zan koma shagon ni kaɗai.

Ki gaishe da Malam. Ki sa ni a addu'a, amma kada ki kira Enoch.

Taki,
Lucia Zacharias

Karu, Abuja
13 ga Yuni

Ƙawata Mashkura,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida duka, na karɓi amsarki daga hannun direba, tare da kilishin. Na gode. Shawararki ta in tafi da wani ban ɗauka ba, kuma na san ba ki yi zaton zan ɗauka ba.

Na isa Masaka da hantsi. A jakata akwai tocila, tabarauna na karatu, da ƙaramin madubin hodata wanda na ɗaure da zare a kan tsinken saƙa. Haka Zacharias yake duba jita. Yakan ce a wajenta mai sayarwa ke aiki, a cikinta mai ƙira ya yi nasa.

Na sa Dominic ya kashe rediyo, ya ba ni kujera a bakin ƙofa inda akwai haske. Na fara da gefen tsagar. Jitar arha katako ne falle-falle aka manna aka danne shi ya lanƙwashe, kuma a gefen tsaga ake ganin layukan. Wannan kuwa itace ɗaya ne daga sama har ƙasa. Na ƙwanƙwasa ƙirjin da gaɓar yatsa, ya amsa mini da murya mai tsawo. Na duba wuyan, a miƙe yake. Zuciyata ta fara murna, na tsawata mata.

Sai na haska takardar. Mashkura, fara ce fat kamar takardar jarrabawa, a cikin jitar da ƙurarta ta girmi mai shagon. Na sa hanci a tsagar, warin sabon gam ya buge ni. Na ɗago kai na dubi Dominic irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya kwafi aikin wani.

Ya ce, "Mama, ke 'yar sanda ce?"

Na ce a'a, hedimistires ce, wanda ya fi muni. Bai daɗe ba ya faɗi gaskiya. Jitar ta zo cikin kaya ba suna ko ɗaya a jikinta, ta yi wata bakwai ba wanda ya taya. Maƙwabcinsa ya ce mutanen Abuja suna suke saye, ba kaya ba, shi ne ya je shagon kwamfuta aka buga masa takarda. Har ya shirya kai ta Idu, unguwar masana'antu, a fesa mata sabon fenti don ta yi ƙyalli. Da ya yi haka, da ya kashe muryarta.

Da na tashi na tafi a lokacin, ba wanda zai ga laifina. Amma kunnena bai yarda jabu ba ce. Na zura madubin a hankali, na juya shi sama, ƙarƙashin ƙirjin inda hannun Dominic ba zai kai ba. Na ga sawun sassaƙa, ɗaya bayan ɗaya, ba su daidaita ba, aikin hannu. Can kusa da wuya kuma rubutun fensir, ya dushe: sunan wani mutum da ban taɓa ji ba, da shekarar 1958. Ba ta kamfanin Amurka ba ce. Mutum ɗaya ya zauna ya sassaƙa ta, ya sa hannu inda ba mai gani.

Na nuna wa Dominic kafin a yi ciniki, don ba na son abin da aka samu da rufa-rufa. Na ce masa ya manna ƙarya a kan gaskiyar da ta fi ta daraja. Na yi zaton zai ƙara kuɗi. Kunya ta hana shi, na saya a farashin farko, har ya ƙara mini da sabbin tsirkiyoyi, ya tsare mini bas da kansa.

Enoch ya zo ranar Lahadi bayan coci, fuskarsa a shirye da jaje. Na ajiye jitar a gabansa, na miƙa masa tocila da madubi. Ya durƙusa a kan tabarmata cikin babbar rigarsa, ya daɗe yana leƙe. Daga nan na kaɗa masa waƙa biyu. Yatsuna sun yi zafi, na yi kuskure sau uku, bai lura ba. Ya ci tuwo ya yi ƙari, bai ambaci Gwarinpa ba ko sau ɗaya.

Da zai shiga mota ya tsaya yana sosa ƙeya. Wai cocinsu za ta sayi fiyano ta hannu a Wuse, kwamiti ya ɗora masa dubawa, ko zan raka shi ranar Asabar. Na ce zan duba ko ina da lokaci.

Ina da shi, Mashkura. Sai ranar Alhamis zan gaya masa.

Ki gaishe da Malam da yara. Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Lucia Zacharias