Yaya Hauwa Ta Tsira Da Aikinta

Laraba da dare, Rikkos

Yaya Hauwa ta dawo daga filin jirgi da tsire a leda. Sati uku ba ta barcin kirki, tun da kamfaninsu ya ce kuɗin tsaro ya fi ƙarfinsa, zai rage masu binciken kaya irinta. Gwamnati ta ba da tallafi, amma bai isa a riƙe kowa ba. Ita an riƙe ta. Ogansu ya ce ita kaɗai ke neman izinin tsofaffi kafin ta buɗe jaka, kuma takan mayar da zannuwansu a ninke.

Da ƙyar na ce ta koya mini aikin. Ta turo mini jakarta, ta ce in ɗauka ita tsohuwar fasinja ce.

Ƙasa-ƙasa na ce, "Mama, in buɗe?"

Ta ce, "Ɗaga murya, ƙanwata. Tsohuwar ba ta ji sosai."

Na ɗaga.