Ka Ce Landan Ba Nisa

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu gidan wayar da zai karɓe ta. Amma shekara ta zagayo, kuma maganar ta yi mini yawa a ciki.

Ka tuna ranar da ka dawo daga ofis ka ce gwamnati za ta tura ku kwas Landan? Kuɗin mai ya buɗe, kowa sai murna yake, ni kuwa na yi tagumi. Ka yi mini dariya. Ka ce in jirgi ya tashi da kai daga Kano da hantsi, kafin la'asar ka sauka, wai mai zuwa Ikko a jirgin ƙasa ma ya fi ka daɗewa a hanya. Na yarda, don ni ko Kano ban taɓa zuwa ba.

To Malam, in haka take kusa, me ya sa labarin rasuwarka ya yi kwanaki bai iso unguwarmu Ƙofar Guga ba? Ashe ranar da aka binne ka ina tsakar gida ina daka maka yaji, wanda za a ba wani mai tafiya ya kai maka. Abokinka Lawal ne ya kawo akwatinka. Ya ce ciwon ƙirji ne, sanyin can ya kama ka, kuma Musulmin garin sun yi maka wanka da salla. Jirgin da ya ɗauko akwati a wuni guda, me ya hana shi ɗauko ka kana kwance, in yi jinyarka da hannuna? Wa ya ba ka ruwa?

Cikin da ka bar ni da shi na sauka lafiya. Mace ce, an sa mata sunan Inna, mahaifiyarka. Ta fara dafa bango tana tsayawa, goshinka ne sak. Idanun Inna sun yi rauni. Ƙanenka Bala ke hawan kekenka, shi ke yo mana cefane daga Babbar Kasuwa. An kuma ja wutar lantarkin da ka yi ta jira, har ɗakinmu.

Babana ya aiko in koma gida. Inna ta roƙe shi a bar ni sai na yaye yarinyar, ya ce an yi haƙuri ya isa. Jibi zan fita daga ɗakin nan.

Ranar da aka raka ka tashar mota na ɓuya a bayan Inna, kunya ta hana ni duban fuskarka. So na yi in ce kar ka tafi. Duk zamanmu kuma ban taɓa kiran sunanka ba, ko mu biyu ne a ɗaki. Yau zan kira, tunda ba mai ji.

Allah ya jiƙanka, Abdulƙadir. Allah ya haskaka kabarinka, ko da ban san inda yake ba.

Ni ce matarka,
Binta