Ƙorafi Kan Tarin Inuwa da Kifin Rahmatu

Daga: Hajja Yelwa Umara, malamar ajin mata, Haɗeja
Zuwa ga: Mai girma Likita mai duba ɗakunan magani
4 ga Maris, 1958

Game da: Kiran ciwon ɗana da sunan da ba nasa ba

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ga kukana.

1. A watan Yuni 1957 ɗana Inuwa, mai bandar kifi a Auyo, ya kai kansa ɗakin magani da tari mai jini, da dushewar murya, da rama. Malamin asibitin bai ko ɗora masa abin sauraro a ƙirji ba, ya ce tarin fuka ne.

2. Ya ce hayaƙin banda ne sanadi, amma sigarin da Inuwa ke sha ba laifi, tunda Bature ma yana sha. Na yi musu, aka ce tsufa ne ke damuna. Ni dai ban taɓa jin hayaƙin da ya san hanyar da zai kauce wa huhu ba.

3. A watan Disamba na sa shi jirgi daga Malam Madori zuwa Kano. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce ciwon daji ne na huhu, ya riga ya bazu, ba a ɗaukarsa, kuma taba ake zargi. Ya rasu ran 9 ga Janairu. Allah ya jiƙansa.

4. Kafin nan malamin ya riga ya shaida wa dillalan kifi a guji gidan Inuwa. Yau Rahmatu, matar marigayin, tana banda, kifin na ruɓewa a kwando, ba mai tayawa. Ko rijiya ta je, sai a janye guga. Marayu uku ke bayanta.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ce na bi gida-gida ina ce wa mata su bar tsime su je asibiti. Da bakina na tura shi.

Ina roƙo a tura sanƙira mai shela ranar kasuwar Auyo ya faɗi ainihin ciwon, ya ce ba a ɗauka, kuma a hana malamin wanke sigari. Horonsa wannan naku ne, ban nema ba. A sa mutane su sayi kifin yarinyar nan kafin ruwa ya janye, lokacin kamun kifi ya wuce.

Haza wasalam, da biyayya,
Hajja Yelwa Umara