Wayar da Aka Zura a Ƙofar Motata

Daura, 6 ga Afrilu.

Zuwa ga Abban Yasmin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kwas ɗin naku na Zariya kuma yana tafiya daidai. Yasmin lafiyarta ƙalau. Ni ce dai raina yake a ɓace. Takarda na zaɓa, don in a waya ne za ka tare ni da ban haƙuri tun ban kai ƙarshe ba.

Sau biyu kana roƙona a saka wa motata manyan sifiku ina cewa a'a. Baba ne ya bar min motar nan, rediyonta ya ishe ni. Ana gobe za ka tafi sai ga ta tana dukan ƙirji kamar gidan biki, ka ce ƙanenka Zakiyyu ne ya ara ya kai aka zura mata wayoyi a ƙofofi, ba da saninka ba. Na haɗiye saboda kai.

To jiya na je garin Babban Mutum na ɗauko Innata, asmarta ta tashi, zan kawo ta asibiti. Muna tsakiyar hanya na ji warin roba na ƙonewa, sai ga hayaƙi yana fitowa daga ƙofar da take jingine. Na tsaya, na danna gilashi ya ƙi sauka, ƙofar ta ƙi buɗuwa. Matar da numfashi ke yi wa wuya a fili, ga ta cikin hayaƙi! Ta kan giya na jawo ta zuwa ƙofata, zaninta ya yage, gwiwarta ta kuje. Wasu masu shanu biyu ne suka taimake ni, wani direba ya tsaya ya cire kan batir, shi ya ƙarasa da mu. Yanzu tana kwance da robar iska a hanci.

Da safen nan na je shagon ɗinkin Zakiyyu da ke kusa da rijiyar Kusugu. A gaban masu karɓar ɗinki na faɗa masa duk abin da ya zo bakina, har mara tarbiyya na kira shi. Kansa kawai ya sunkuyar. Kada ka ce in ba shi haƙuri, ba zan bayar ba.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Kubura.

Daura, 11 ga Afrilu.

Zuwa ga Abban Yasmin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. An sallami Inna shekaranjiya, tana wajena, ta fara cin abinci. Na ga saƙonka da ka ce tsautsayi ne, a bar maganar. Yanzu na gane dalilin da ya sa kake son a bar ta.

An jawo motar zuwa garejin Malam Kalilu mai gyaran wutar mota. A gabana ya cire marfin cikin ƙofar. Akwai robar da wayoyi ke bi tsakanin ƙofa da jikin mota, amma ba ta nan aka bi da taka ba. Ƙarfen aka huda da ƙusa, aka cusa waya a ramin haka nan, aka jona ta da ta gilashi, aka naɗe da salatif irin na liƙe littafi. Fiyus ɗin da ya riƙa ƙonewa kuma aka ɗaure shi da zaren waya. Kullum na buɗe ƙofa ƙarfe na yankar wayar, sati uku ina yawo da 'yarmu a haka.

Na fara tsine wa Zakiyyu, sai Malam Kalilu ya dube ni da mamaki. Ya ce kai ka zo ka ari sukudireba da filaya a wajensa, ya ce ka bari ya yi maka, ka ce ka kalla a waya, ba wani abu ba ne.

Abban Yasmin, da hannunka! Ka yi abin da na hana, ka ɗora wa ɗan'uwanka, ka karanta wasiƙata ka san cin mutuncin da na yi masa, sannan ka iya rubuto min wai tsautsayi. Kwana biyar kana ɓoye gaskiya. Da ka ce kai ne, da na yi fushina na huce. Wannan kuwa ban san ranar da zai wuce ba.

Na koma shagon jiya, na jira sai da mutane suka taru kamar na ran nan, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, wai yaya ai ba a tona masa asiri. Matarsa dai har yanzu ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Na sa an zare wayoyin kaf. Sifikunka suna cikin buhu a zaure. Inna ba ta san kai ne ba, jiya ma addu'a take yi maka. Ni ba zan faɗa mata ba. Ka nemi izini ka zo ranar Juma'a, ka fara biyawa ta shagon Zakiyyu, sannan ka zo ka zauna gabanta ka faɗa mata da bakinka. Kafin nan kada ka kira ni, ba zan ɗauka ba.

Yasmin tana gaishe ka.

Ni ce,
Kubura.