Bidon Isansin Inna

Daren Laraba, Oktoba 2006

Yau ina sharar ɗakin ajiya na tarar da bidon isansin Baba, wato jarkarsa ta man fetur. Ya cika shi ne lokacin da ciwon Inna ya tsananta, don ko tsakar dare a kai ta likita a moto, wato babur, ba sai an nemi mai ba. Ba a kai ga buɗe shi ba, a gida ta cika bara.

Man ya yi ja kamar shayi, yana warin tsohon fenti. Na kai wa Baba, na ce, "Baba, ya lalace fa. Isansi ba ya shekara, zai toshe moto."

Ya ce, "Direba nake, Rabi, na sani. Hannuna ne ya kasa zubarwa."

Can ya dubi cikina, ya ce mijina ya kai wa masu gareji su wanke ƙarafa, ya ciko sabo. A ajiye nesa da murhu, a riƙa juyewa a moto ana sabuntawa har in haihu.

"Wannan karon tafiyar murna za a yi da shi, in Allah ya yarda."

Na shiga ɗaki na yi kukana, don kar ya gani.