Jarin Kawu Sale

Laraba, da dare

"Jari zan ba ki, Hadiza, amma Nura ne manaja," in ji Kawu Sale, yana nazarin takarduna a juye.

Nura ɗansa, wanda bai iya bambance man kaɗanya da man shanu ba! Wata takwas ina zarya Dukku kafin mata masu tsintar kaɗanya su yarda da ni. Mai injin niƙan da nake son saya kuma ya ce in ban biya ba, Juma'a zai sayar wa wani.

Na ce, "Kawu, ni fa?"

"Ke sai ki riƙa taya shi. Ai kin yi boko."

Na durƙusa na yi godiya yadda aka koya mini, na fito. Ƙofar ce kawai ban rufe da ladabi ba.