Ƙulli a Safar Nurettin

Litinin, 2 ga Oktoba
Tumaki sun sauko daga dutse, sanyi ya fara. Na fito da ulu da tsinkunan saƙata biyar kamar kowace kaka. Na ce Nurettin ya miƙo ƙafa in gwada, ya ƙi. Shekara arba'in da ɗaya da aure, yau yake ɓoye min ƙafa? Na fizge safar da ƙarfi. Babban yatsan hagu ya yi baƙi, ga wari. Wai sati uku ke nan, bai ji zafi ba, ciwon suga ya kashe masa ƙafafun tuntuni. Ya ce, "Hanim," wato uwargida, "ɗan gyambo ne, kada ki tara min gari."

Alhamis, 5 ga Oktoba
An kwantar da shi a asibitin birnin Erzurum. Likita ya ce allura ta sati biyu, in baƙin bai tsaya ba sai an yanke ƙafar. Na dawo saboda saniya.

Asabar, 7 ga Oktoba
Na juya tsohuwar safar zan wanke. Ƙulli. Daidai kan babban yatsa, da tauri kamar ƙwayar wake, jini ya bushe a jikinsa.

Ni na yi shi. Bara ne, zare ya tsinke min, burodi na ƙonewa. A ƙauyen nan ko 'yar shekara bakwai ta san ba a ƙulla zaren safa. Yawu ake sa wa bakin biyun, a murza a tafin hannu har su haɗe. Da uwata na raye da ta karya min yatsu da mazari. Na ce wa zai gani? Wallahi abin da na ce ke nan.

Litinin, 9 ga Oktoba
Na fara sabuwa, ta hagu. Gashin ɗan rago, mafi laushi. Na ɗauki alkawari tsakanina da Allah zan gama ta kafin sati biyun. Ban san me nake zaton hakan zai hana ba.

Laraba, 11 ga Oktoba
Zekiye ƙanwarsa ta kawo miya, ta tsaya a kaina. "Matar Yaya, hagu kika fara? Ki bari mana mu ji ta bakin likita, kada ki ɓata ulu." Na ce ta ɗauki tukunyarta ta fice. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa.

Asabar, 14 ga Oktoba
Na koma asibiti, na tare likitan a bakin ɗaki. Na ce, a misali, ƙullin zare zai iya jawo wannan? Bai ko ɗago kai ba. "Inna, mai suga ko tsakuwa ce ta shiga takalminsa ta isa." A mota na yi ta saƙa ban ga me nake yi ba, na warware layi tara.

Talata, 17 ga Oktoba
Na gama ta. Ba kuskure ko ɗaya. Baƙin ya kai idon sawu.

Juma'a, 20 ga Oktoba
Sun yanke, ƙasa da gwiwa.

Alhamis, 26 ga Oktoba
Na faɗa masa. Na ajiye tsohuwar safar a kan bargo, na nuna masa wurin. Na so ya zage ni, ko in samu sauƙi. Ya murza ƙullin da yatsa, ya daɗe. Sai cewa ya yi, "Wannan ai aikin Zekiye ne, ke ba kya saƙa haka." Na ce Nurettin, ba wasa nake ba. "To ni ma ki ji nawa. Sugan da kika hana ni, a hulata nake ɓoye shi. Kofin shayi ashirin a rana, kowanne da ƙwarar suga a kumatu. Mu raba laifin, ke yatsa, ni sauran."

Ban yi dariya ba. Wa ya ce masa ana raba irin wannan?

Juma'a, 3 ga Nuwamba
Ya dawo gida. Ba na iya kallon tsinkunan, na cusa su ƙasan akwati.

Lahadi, 12 ga Nuwamba
Ƙanƙarar farko. Da hantsi ina ɗakin saniya ya ƙwala min kira, wai ƙafarsa ta hagu na jin sanyi. Na ce wace ƙafar? Ya ce, "Ni ma na tambaye ta. Yatsan ne, Hanim, kamar yana cikin kogi." Na ƙara itace a murhu, na ƙara bargo, a banza. Har haƙoransa na kaɗawa.

Na ɗauko sabuwar safar. Na ɗaga bargo, na shimfiɗa ta inda ƙafar ya kamata ta kasance, na gyara mata diddige. Muka zuba wa safar ido, tsofaffin banza biyu. Can ya ce, "Yauwa. Ta fara ɗumi."

Ta dama kuwa tsohuwa ce a ƙafarsa, duk ta huje. Na buɗe akwatin, don dai in duba ko ulun zai isa.